Zuwa Dandalin Jaruman Finafinai da Keken Guragu: Jagora Daga Katsina Zuwa Kujerar Lilo

Shan inna ta kama ni ina ɗan shekara uku a cikin birnin Katsina, kuma tun daga lokacin ƙafafuna ba su sake ɗaukata ba. Da keken hannu na yi makaranta, da shi nake zuwa shago har yau. Ranar da na faɗa wa ɗana cewa zan tafi da shi Dubai idan zan je sayen kaya, in kai shi dandalin wasa inda ake hawa lilo ana ganin Spider-Man da Hulk, sai da ya zagaye tsakar gida da gudu. Da ya dawo ya tsaya ya dubi kekena, ya ce, "Baba, kai ma za ka hau, ko takalmanmu za ka tsare mana?"

Tambayar ta daɗe tana yi mini yawo a rai, domin haka aka saba. Idan an fita yawon Sallah, mai keke shi ake bari a inuwa da jakunkuna da robar ruwa, kowa ya je ya more ya dawo ya ba shi labari. Ni dai na je, na hau wasu abubuwan, wasu kuma na bar su da sanina. Abin da na koya shi ne, shiga ƙofar irin waɗannan wurare ba ya ba mai keke wahala. Inda aikin yake shi ne tazarar da ke tsakanin kujerar kekenka da kujerar abin hawa, kuma tun a gida ake shirya mata.

Ka fara sanin wurin da za ka

Ga mutumin Katsina ko Daura, wurare biyu zan fara ambata, dukansu a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Na farko IMG Worlds of Adventure a Dubai, wanda aka buɗe a watan Agusta na 2016, a gefen titin Sheikh Mohammed bin Zayed. A can jaruman Marvel suke: Spider-Man, Hulk, Thor da sauran Avengers. Na biyu Warner Bros. World a tsibirin Yas na Abu Dhabi, an buɗe shi a Yuli 2018, kuma shi ne gidan Batman da Superman da Green Lantern, a unguwanni biyu da ake kira Gotham City da Metropolis. Dukansu a rufe suke ruf, da na'urar sanyaya ɗaki, kuma daɓensu shimfiɗaɗɗe ne. Wanda ya taɓa tura keke cikin rairayin lungunanmu bayan ruwan Agusta ya san darajar wannan.

Akwai na uku ga mai hali da bizar Turai: Avengers Campus da ke Disneyland na Faransa, kusa da Paris, wanda aka buɗe a Yuli 2022. Shi a fili yake, don haka sanyi da ruwan sama suna cikin lissafi.

Ka tambayi yaran wane jarumi suke so kafin ka zaɓa. Yaron da zuciyarsa ke wurin Spider-Man, idan ka kai shi gidan Batman zai yi murna, amma zai riƙa waige-waige yana neman nasa.

Abubuwan da ke ciki kashi huɗu ne a idon mai keke. Akwai na kallo, inda ake shiga ɗaki a ga majigi, kamar Superman 360 a Abu Dhabi da allonsa ya kewaye ɗakin gaba ɗaya. Akwai motoci masu tafiya cikin duhu, ana sa tabarau, motar tana girgiza tana juyawa gaban manyan alluna, kamar Avengers Battle of Ultron a Dubai ko Justice League: Warworld Attacks a Abu Dhabi. Akwai waɗanda ke ɗaga kujera sama ƙafafu na reto, kamar Green Lantern: Galactic Odyssey, ko Batman: Knight Flight da wani katon hannun ƙarfe ke riƙe da kujerun yana lilo da su. Sai masu wujijjiga mutum da gaske, irin su Thor Thunder Spin da ke kifa mutane kai ƙasa, da jirgin dogo na Spider-Man Doc Ock's Revenge da ke gudu yana juya kujerunsa. Kashin farko naka ne ba gardama. Na ƙarshe sai jikinka ya yarda. Na tsakiya biyun su ne ke buƙatar gwaji da tambaya.

Gwajin da za ka yi a tsakar gida

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma ba ya cin ko kobo. A yawancin irin waɗannan wurare ma'aikata ba su da izinin ɗaga baƙo da hannunsu. Za su tsayar maka da abin hawa, su buɗe ƙofa, su janye kekenka su ajiye, amma ɗagawa da ajiyewa aikinka ne da wanda ya rako ka. Saboda haka ka nemo wanda za ku tafi tare, wata guda kafin tafiya, ku fara motsa jiki.

Ka sa kujerar roba kusa da kekenka, ka ja birki, ka koma kanta, ka dawo. Wannan mai sauƙi ne, kullum muna yi. Sai ka nemo kujera 'yar tsugunno ko ka tara matasan kai a kan tabarma, domin wasu motocin a ƙasa suke, sai an sauka cikinsu kamar kwalekwale. Sauka ba ta cika wuya ba, fitowa ce ke nuna ƙarfin kafaɗa. Daga nan ka gwada kujerar da ta fi kekenka tsayi, kamar ta gaban babbar mota. Na ƙarshe, ka ajiye bulo ɗaya tsakanin keken da kujerar, ka ga yadda za ka tsallakar da ƙafafunka ɗaya bayan ɗaya da hannu, saboda motoci da dama suna da dokin ƙofa da ake haurawa.

Ku riƙa duba agogo. Ni da ƙanena mun fara da kusan minti biyu, muka dawo ƙasa da rabin minti. Ba don ana korar mutum ba ne, sai don hankalinka ya fi kwanciya idan ka san cewa jikinka ya haddace hanyar, ko da mutane hamsin na bayanka suna kallo. Ku kuma tsayar da kalmomin da za ku riƙa amfani da su. Ƙanena yakan ce, "Yaya, na riƙe," ni kuma in ce "Bismillah," sannan mu motsa tare. Ya kama ni ta ƙugu ko ta bel ɗin wando. Ja ta hammata yana gurɗe kafaɗa, kuma mu kafaɗa ita ce ƙafarmu.

Bayan canjin kujera, akwai tambayoyi uku da za ka amsa wa kanka da gaskiya. Za ka iya zama a miƙe ba tare da jingina da hannu ba idan an girgiza ka? Ka zauna a bayan a-kori-kura ko Keke Napep a hanya mai gargada ka gani. Gwiwoyinka suna lanƙwasuwa? Idan kana sa ƙarfen ƙafa, ka tabbata yana buɗewa a gwiwa, domin ƙarfen tsaro da ke sauka kan cinya ba ya kulluwa a kan miƙaƙƙiyar ƙafa. Sannan cinyoyinka suna da kaurin da ƙarfen zai danne? Wannan ta shafe mu masu shan inna musamman. Ƙarfen yana tsayawa ne daidai cinyar wanda ya fi kauri a layin idan guda ɗaya ne ga kowa, sai siririn mutum ya ji yana zamewa a ƙarƙashinsa. Idan ƙafafunka sirara ne ƙwarai, ka fi son abin hawa mai bel ko mai ƙarfen da ke saukowa ta kafaɗa.

Wanda larurarsa ta laka ce, daga haɗarin mota ko faɗuwa, ko wanda aka sa wa ƙarfe a baya, kada ya tsaya ga gwajin gida. Ya je wurin likitansa, a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko asibitin ƙashi na Dala a Kano, ya nuna masa bidiyon abin hawan a waya, ya tambaye shi kai tsaye. Haka mai hawan jini da mai ciwon zuciya da mace mai juna biyu.

Wane keke za ka ɗauka

Keken hannunmu mai ƙafa uku jarumi ne a titin Ƙofar Ƙaura, amma ba na wannan tafiya ba ne. Ya yi tsawo, ba ya naɗewa, ba ya juyawa a lungun layi, kuma ba ya matsawa kusa da kujera yadda za ka tsallaka. Ka nemi keke mai naɗewa wanda ake cire masa abin ɗora hannu da matakin ƙafa. Idan aro za ka yi ko saya, ka yi sati biyu kana amfani da shi tukuna, ka san halinsa. Ka kai wa mai gyaran keke ya ɗaure ƙusoshi, ya duba birki, ya sa mai a ƙananan tayoyin gaba. Ka auna faɗinsa da tef daga taya zuwa taya, ka rubuta a waya da santimita, za a tambaye ka sau da yawa.

Mai sanduna da ke iya ɗan takawa, shawarata ya ɗauki keke ko ya yi haya a ƙofar wurin. Na san da yawanmu suna ganin zama a keke kamar komawa baya ne. Amma filin kowane ɗaya daga cikin wuraren nan biyu ya kai murabba'in ƙafa miliyan ɗaya da rabi, ga tsayuwar layi, ga daɓe mai santsi. Ƙarfin da za ka ƙarar a tafiya, gara ka adana shi don hawa.

Idan kekenka mai batir ne, ka duba takardar da ke jikin batirin. Kamfanonin jirage suna tambayar ƙarfinsa da ma'aunin Wh, kuma ana samunsa ne idan an ninka V da Ah: batir mai 24V da 10Ah ya zama 240Wh. Batirin lithium da ake cirewa ana shiga da shi cikin jirgi a hannu, kuma ƙa'idar da aka saba ita ce kada ya wuce 300Wh. Soket ɗin Dubai irin namu ne mai baki uku, cajarka za ta shiga. Na Faransa daban ne.

Takardu da saƙon da za ka aika

Bayan fasfo da biza da katin rigakafin shawara, ka karɓi wasiƙar likita da Turanci, mai hatimi, da ta faɗi larurarka da kuma cewa kana iya tafiya a jirgi. Idan kana da takardar shaida daga hukumar kula da masu buƙata ta musamman ta ƙasa, ka haɗa da ita. Ƙa'idojin bizar Daular ga 'yan Najeriya sun sha canzawa a 'yan shekarun nan, don haka kada ka biya kuɗin otal ko tikitin wurin wasa sai biza ta fito.

A Daular, tun 2017 ana kiran masu larura irin tamu da Ashabul Himam, wato ma'abota himma. Ka riƙe wannan suna, shi za ka gani a rubuce a filin jirgi da wurin ajiye motoci da teburin baƙi. Disneyland na Faransa kuma suna ba da katin fifiko ga wanda ya kawo takardar shaidar nakasa ta hukuma, ana iya nemansa ta intanet kafin a je.

Sai ka rubuta wa wurin wasan ta imel, ko ka sa wanda ya iya Turanci ko Larabci ya rubuta maka. Kada ka tambaye su ko wurin ya dace da masu keke, za su ce eh, kuma gaskiya suka faɗa, amma ba ta amfane ka da komai ba. Ka ce musu: ina amfani da keke mai faɗi kaza, ina iya komawa wata kujera da taimakon mutum ɗaya, ba na iya tsayuwa, ba na hawa matakala. Waɗanne abubuwa ne zan shiga ina kan kekena? Waɗanne ne sai na sauka? Waɗanne ne ba za a bar ni ba? Akwai rangwame gare ni ko ga mai rakiyata, kuma wace takarda ake so? Tambayar da mutane ke mantawa ita ce ta gaggawa: idan abin hawa ya tsaya a tsakiya, yaya ake fitar da mutane? Wasu abubuwan ana hana mai keke hawa ne saboda hanyar fitar gaggawarsu matakala ce, ko da zaman kansa ba shi da matsala. Amsar da suka ba ka, ka ɗauki hotonta a waya.

Ka auna tsayin yaran a jikin bango su ma. Abubuwan hawa da yawa suna da iyakar tsayi, kuma ba a sassautawa. Gara yaro ya yi kukansa a gida.

Daga Katsina zuwa kujerar jirgi

Yawancinmu ta filin jirgin Malam Aminu Kano muke tashi, a yada zango a Addis Ababa ko Alƙahira, wasu kuma su bi ta Abuja ko Legas. Daga Katsina zuwa Kano kimanin kilomita 170 ne. Idan jirgin na safe ne, ka kwana a Kano. Zaman mota, da zaman jira, da zaman jirgi biyu a jere suna iya buɗe wa mutum gyambo a mazauni, musamman wanda ba ya jin ƙasan jikinsa sosai.

Lokacin sayen tikiti, ko aƙalla awa 48 kafin tashi, ka sa a rubuta maka lambar taimako. Uku ce. WCHR ta wanda ke iya hawa matakalar jirgi amma ba ya iya doguwar tafiya. WCHS ta wanda ba ya hawa matakala amma yana iya takawa zuwa kujerarsa. WCHC ta wanda sai an kai shi har kujera. Masu sayar da tikiti sun saba danna ta farko ga kowa, saboda ita ake yi wa tsofaffi masu zuwa Umra. Idan ba ka takawa ko kaɗan, ka tsaya a kansu sai ka ga WCHC da idonka, domin ita ce ke sa a tanadi siririyar kujerar da ke bi tsakanin layukan jirgi da motar da ke ɗaga mutum zuwa ƙofa inda babu gada. A kowane zango ka sake tabbatarwa.

A filin jirginmu na gida kada ka ji nauyin neman wannan taimako. Dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta sa ya zama haƙƙinka, har ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu.

Ka roƙi a bar ka kan kekenka har ƙofar jirgi, a kuma dawo maka da shi a ƙofa idan an sauka. Kafin ka rabu da shi ka ɗauki hotonsa ta kowane gefe, ka cire matashin zama da matakan ƙafa ka shiga da su ciki. Na koyi wannan ne da tsada: a tafiyata ta farko wani jirgi ya dawo mini da keke babu mataki ɗaya, na yi kwana biyu ina ɗaure ƙafa da rawani kafin in sami wani. Idan ka ga ɓarna, ka je teburin kaya a rubuta rahoto kafin ka fita daga filin jirgin. Sifana da famfo da kayan faci su tafi cikin babbar jaka. Matashin nan kuma ka zauna a kansa a jirgi, kana ɗaga jikinka da hannu lokaci-lokaci. Ma'aikatan jirgi za su iya tura ka zuwa ƙofar bayan gida a manyan jirage, amma ciki kai da ɗan'uwanka ne, saboda haka ka kewaya kafin a shiga.

Masauki da hanyar zuwa

Otal ɗin da 'yan kasuwarmu suka saba sauka a unguwar Deira ta Dubai ba duka ne ke da ɗakin mai keke ba. Ka ce a turo maka hoton banɗakin ta WhatsApp, ka ga ko akwai dokin ƙofa, ko wurin wankan kwami ne da ake haurawa. Ka tambayi faɗin ƙofar ka gwada da awon kekenka.

Jirgin ƙasa na cikin Dubai yana da lif a tashoshinsa da wurin tsayuwar keke, amma bai kai IMG ba, sai da mota. Akwai tasi na musamman mai matakalar hawa da keke, ana kiransa tun da wuri. Mai keke mai naɗewa tasi na kowa ma ya ishe shi. Daga Dubai zuwa tsibirin Yas tafiyar awa ɗaya ce da ɗoriya, don haka kada ka haɗa wuraren biyu a rana ɗaya, kada ma ka jera su kwana biyu a jere. Ka sa ranar hutu a tsakani, kafaɗunka za su buƙace ta.

Hutun mako a can Asabar da Lahadi ne tun 2022, Juma'a kuma rabin rana ake aiki. Ka je tsakanin Litinin da Alhamis, ka isa kafin a buɗe ƙofa. Agogonsu yana gaban namu da awa uku, ranar farko jiki zai ɗan yi nauyin tashi.

Cikin dandalin

Da ka shiga, kafin yara su ja ka ko'ina, ka nufi teburin kula da baƙi. Ka nuna wasiƙar likita da amsar da suka aiko maka, ka karɓi taswira, ka roƙi ma'aikacin ya yi maka alama da biro a kan abubuwan da za ka iya hawa, da banɗakunan masu keke, da ɗakin jinya, da masallaci. Ka tambayi ta ina mai keke ke shiga kowane abin hawa: wani ta layin kowa, wani ta ƙofar fita, wani ta lif.

Ka fara da abu mai sauƙi na kallo, jiki ya saba da duhu da ƙara da walƙiyar fitilu. Na biyu ya zama wanda ka fi ƙwallafa rai a kansa, tun hannuwanka ba su gaji ba. Ni a rana ɗaya canjin kujera shida ne iyakata, wato shiga da fita sau goma sha biyu. Ka san taka iyakar tun a gwajin gida, ka kashe ta a kan abin da ya cancanta.

A bakin kowane abin hawa, ka karanta allon gargaɗi, sannan ka roƙi a bar ka ka ga kujerar kafin ka yanke shawara. Wasu wuraren suna ajiye kujerar gwaji a waje. Idan ka yarda, ga yadda muke yi: keke ya tsaya a karkace kusa da kujerar, a ja birki biyu, a cire abin ɗora hannu na gefen, yaro ya fara shiga ya matsa can ciki, ni in bi, ƙanena ya shigo ƙarshe ya zauna ta bakin ƙofa. Ƙafafu in jera su da hannuna, in duba ba su maƙale a ƙarƙashin ƙarfe ba, saboda ƙafar da ba ta da ƙarfi ba ta janye kanta. Babbar riga da malum-malum a bar su a otal, 'yar shara da wando sun fi, hula kuma a aljihu. Mace ta sa hijabin da bai da tsawo sosai, ta tattare gefen zane ko abaya kada ya shiga taya. Kafin motar ta tashi ka tambayi ma'aikacin inda kekenka zai jira ka, domin wani lokaci inda aka shiga daban, inda ake sauka daban.

Idan aka ce maka wannan ba za ka hau ba, ka tambayi dalili cikin natsuwa, ka nemi shugaban wurin idan ka ga kamar ma'aikacin bai fahimci abin da kake iyawa ba. Sau ɗaya aka canza mini hukunci bayan na nuna cewa ina iya riƙe kaina. Idan dalilin na tsaro ne, ka bar shi. Amma kada ka bari a mayar da kai gefe da jakunkuna: ka bi layin tare da su har inda aka yarda, domin a irin waɗannan wurare layin ma wasa ne, a nan ake nuna ɗakunan gwaje-gwaje da kayan yaƙin jaruman da farkon labarin.

Abin hawan da na fi yi wa 'yan'uwana sha'awa shi ne Spider-Man W.E.B. Adventure na Faransa. Mutum yana zaune a mota da tabarau, kyamarori suna bin motsin hannuwansa, duk lokacin da ya wurga hannu gaba sai zaren gizo-gizo ya fita a allo ya kama ƙananan na'urorin da suka ɓalle, ana ƙirga wa kowa makinsa. Babu bindiga, babu abin takawa, hannu ne kawai da kafaɗa. Wanda ya shekara talatin yana murza keken hannu daga Sabuwar Unguwa zuwa kasuwa ba shi da abin tsoro a wannan gasa.

Sanyi, sallah da abinci

Na'urar sanyin wuraren nan tana da ƙarfi, kuma ƙafar shan inna ba ta riƙe ɗumi. Bayan awa uku sai ka taɓa ta ka ji kamar ƙanƙara, daga baya ciwo ya biyo. Ka sa safa mai kauri, ka ɗauki ƙaramin mayafi ka rufa a cinya, ko da a waje zafi ya haura digiri 40. Safar hannu ma tana taimakawa wajen tura keke tsawon yini.

Kada ka rage shan ruwa don gudun banɗaki, banɗakunan masu keke suna da faɗi kuma a Daular akwai tiyon tsarki a ciki. Mai zuwa Faransa ya sa ƙaramar buta ko gora a jakar bayan keke. A Dubai da Abu Dhabi akwai ɗakin sallah a cikin dandalin, na maza da na mata. Nakan yi alwala a famfon banɗakin masu keke, wanda yake ƙasa daidai hannuna, sannan in shiga in yi sallata a zaune, a matsayina na matafiyi in haɗa Azahar da La'asar. Ka riƙe tsumma a jaka don goge tayoyi kafin hawa kan darduma.

Abinci ka ci kafin cunkoson rana, ka zaɓi teburin da kujerunsa ke janyuwa, kuma ka bar awa guda tsakanin cin abinci da abin da ke juya mutum.

Jaruman da kansu suna fitowa a lokuta sanannu don gaisawa da ɗaukar hoto, lokutan suna kan allo ko a manhajar wurin. Ka je minti goma kafin lokaci ka sami gaba, saboda daga kan keke bayan mutane kawai ake gani. Idan layi ya zo kanku, kada ka ce yara su je kai ka ɗauka. Ka miƙa wa ma'aikaci wayar, ka gyara hularka, ka shiga tsakiya. Da Spider-Man ya zo wurinmu sai ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya daidai tsayin kekena, ya nuna mini yadda ake lanƙwasa yatsu biyu na tsakiya. Ɗana ya kama hannuna yana gyara mini, yana cewa, "A'a Baba, ba haka ba, babban yatsan waje yake." Hoton yana shago, na liƙa shi a jikin kanta ta gefen da nake zama.